Fuskar Ɗan Fari

A shekarar da aka datse Kwara a Kainji, ruwa bai koma makwancinsa ba bayan damina kamar yadda ya saba. Ya hau fadamu ya zauna, ya haɗiye tsibirai ɗaya bayan ɗaya, mutanen cikinsu suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka koma gidajen sumunti da gwamnati ta gina musu a kan tudu. A wannan shekarar ce kuma idanun Dudu suka fara tafiya.

Dudu Bafulatana ce, matar Garba mai shanu. Rugarsu tana kudu da Yelwa, tafiyar da in mace ta fito da hantsi da ƙwaryar nono a ka za ta riski cikar kasuwa. Abin ya somo mata kamar hayaƙi. Ta ɗora laifin a kan ɗanyen itace, ta yi tozali, ta wanke da jiƙon da wata tsohuwa ta ba ta, hayaƙin bai yaye ba. Kafin a yanke gero, sai ta kai ƙwarya dab da hancinta take iya tsince ƙuda daga cikin nono. Duk abin da ya wuce tsawon hannunta ya koma inuwa: mutum inuwa ce mai tsawo, saniya inuwa ce mai faɗi. Ta ji ana cewa akwai masu gyaran ido a Kano, amma ita ko Kontagora ba ta taɓa takawa ba, don haka ta bar maganar inda ta ji ta. Ƙafarta ta san hanya, hannunta ya san aiki, kunnenta ya san muryar kowa. Da waɗannan ta rufa wa kanta asiri, ba wanda ya gane sai Tamada, ɗiyar kawunta, taubashiyarta, abokiyar tallarta tun suna 'yan mata.

Ba duhun da ke tafe ne ya fi damun Dudu ba. Ta ga tsofaffi da yawa sun makance a bakin kogin nan, ba a kuwa fasa dama musu fura ba. Abin da ke cin ta shi ne wata fuska guda da ba ta taɓa kallo ba.

Ɗanta na fari sunansa Jabiru, suna ne da bai taɓa fita daga bakinta ba. Haka ta tarar ana yi, haka uwarta ta yi da yayanta: mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta zama inda ya zauna, ba ta ɗaga ido ta dube shi. Ta shayar da shi tana kallon gefe. In ta saci kallonsa sai bukka ta zama ba kowa, shi ma a gurguje, kamar mai ɗaukar abin da ba nata ba. Da aka yaye shi, yayar Garba, wadda kowa ke kira Goggo, ta goya shi ta tafi da shi Yelwa inda take aure. Can ya girma, can aka sa shi makarantar boko, can kuma ya sami aiki a kantin Alhaji Mainasara. In ya zo gaisuwar Salla yakan tsuguna nesa, wajen turken maruƙa, kansa a ƙasa, ya gaida ta. Ita kuma ta amsa wa ƙwaryar da ke gabanta. Mata sukan kafa misali da fulakonta in suna yi wa 'ya'yansu faɗa.

Ta san tsawonsa, ta san takunsa, ta san yadda yake gyara murya kafin ya yi sallama. Sauran 'ya'yanta ta san fuskokinsu kamar yunwar cikinta, domin ta wanke su, ta share musu majina, ta mare su. Shi kam fuskar jariri ce kawai ta rage mata, ita ma ta dushe. A da takan ce a ranta akwai lokaci. In ya yi aure ya haihu, in ta zama kaka, kunya za ta sassauta, wata rana za ta ɗaga ido ba wanda zai ce komai.

Sai ga shi wata safiya bayan an gama tatsa, Garba ya tara gida ya ce za a tashi. Fadamar da shanu ke cin rani a cikinta ta koma ƙarƙashin ruwa, tudun da ya rage kuma manoman da aka tayar sun share shi sun yi gonaki. Za su bi gaɓa su yi arewa, su wuce Shanga, su sami inda kogi bai buɗe ba su ƙetare da dabbobi, su nausa yamma. Wani ya tambaya ko za a dawo da damina. Garba ya ce a dawo wurin me.

Kashegari da suka gama sayar da nono, Dudu ta ce wa Tamada tana son ashana, su biya ta kantin Alhaji. Tamada ta dube ta, domin ashana ba teburin da ba a samunta a kasuwa, amma ta wuce gaba.

Kantin ɗaki ne mai tsawo, rufin kwano, ƙofa mai ƙyaure biyu. Doguwar kanta ta katako ta raba shi: kaya da masu sayarwa a baya, masu saye a gaba. Ranar ba ta kasuwa ba ce, mutane kaɗan ne a ciki, kowa kuwa ya san inda ya kamata ya tsaya. Wani malami yana taya yadi a wannan ƙarshe, ya tattare rigarsa a jikinsa. Mata biyu sun rakuɓe a wancan ƙarshe suna jira ya gama. Tsakanin kowane mutum da ɗan'uwansa akwai filin da za a shimfiɗa tabarma, a irin wannan fili kuwa ba motsin da ke ɓuya.

"Ga wani saurayi ya hango surukinai ciki ya tsere," in ji Tamada a kunnenta. "Yana can baranda yana matsa tayar keke, wai ta yi faci."

Dudu ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, tana ganin fararen inuwoyi biyu a bayan kanta. Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Yadi nawa za a yanka, Malam?" Muryarsa ce. Daga inda take zuwa inda yake ba nisa, amma kowane taku a idon mutane za a yi shi. Tana cikin wannan tunani sai muryar ta yanke a tsakiyar magana, ta ji ƙarar ƙaramar ƙofar da ke shiga ɗakin ajiya. Ya gan ta, ya ba ta wuri, kamar yadda ɗa mai tarbiyya zai yi.

Bitrus, abokin aikinsa, ya zagayo da saurinsa har bakin ƙofa. "Inna, sannu da zuwa. Kada ki wahala shigowa, faɗi abin da za a kawo."

Aka kawo ashana.

Sai da suka bar gari suka hau turbar ruga Tamada ta buɗe baki.

"Ke baiwata, tun yaushe ashanar kanti ta fi ta tebur kamawa?"

Dudu ta ci gaba da tafiya.

"Ko dai Bitrus ne ya shiga ranki? Faɗa mini tun da wuri, in gaya wa Garba shi nemi wata."

"Bakinki shi zai ja miki, Tamada."

"Ya daɗe yana ja mini, ga ni nan da raina."

Suka yi tafiya kaɗan, ƙore na kaɗawa a kansu. Can Dudu ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Da wa yake kama?"

"Wa?"

"Yaron wurin Goggo."

Tamada ta daina dariya. Ta ce yana da hancin Garba, wasu kuma na cewa goshinsa na Dudu ne, ita dai ba ta iya siffanta mutum ba. Da ta ga wannan bai ƙosar ba, sai ta ce, "To ki kira shi mana. Ki ce zo nan, ki kama kunnuwanai ki duba, awa mai sayen maraƙi. Wa zai kai ki gaban alƙali?"

"A'uzubillahi. Da girmana?"

"To ni in tahi in ce mishi idon innarka na tafiya."

Dudu ta tsaya cak a kan turba. "Ranar da kinka faɗi haka, ranar zumuncinmu ya yanke. Shi baro aikinai shi kwashe ni zuwa Kano, duniya ta ce Dudu ta tsufa ta ɗora kayanta kan ɗan fari? Ba da ni ba."

Tamada ta san wannan murya, ta san ba a ja da ita. Don ta sauya magana sai ta shiga ba ta labarin yadda kantin ke zama ranar da motar kaya ta zo. Tun da aka fara yaƙin basasa wasu kantuna sun rufe, gishiri da kananzir sun yi wuya, ga kuma mutanen tsibirai da aka tayar, kowa na neman fitila da bokiti da abin da zai fara sabon zama da shi. In motar ta dace da ranar kasuwa, duk ƙasar kantin Alhaji take nufa.

"Da kin ga abin dariya. Wanga malamin da ke tattare riga, wallahi da idona na gan shi an manna shi da wata mai kifi. Rawaninai a kafaɗarta, yana ta istigfari, ita tana cewa Malam ka taka ni, Malam ka taka ni. Suruki da suruki ciki da baya. Kuma ba mai ganin laifin kowa. Wa za ka ce ya taɓa ka? Daga ƙofa anka turo."

"Ba mai ganin laifin kowa," in ji Dudu.

"Ko ɗaya."

Suka yi ta tafiya har suka hango hayaƙin ruga. Sannan Dudu ta tambaya, kamar mai tambayar abin da bai dame ta ba, yaushe motar ke dawowa. Tamada ta juyo ta dube ta, ta daɗe tana dubanta, ta ce, "Kasuwa mai zuwa. Zan riƙe miki zane."

Motar ta zo ana saura kwana kaɗan a tashi. Suka bar ƙorensu wurin wata mai fura, Dudu ta ja mayafi ta rufe kai har goshi don kada a shaida ta daga nesa. Abin da ta ƙudura ba mai yawa ba ne: ta bar mutane su tura ta har gaban kanta, ɓangaren da muryarsa take, ta ɗaga ido sau ɗaya kafin ya ankara, sannan ta nemi gishiri kamar kowa.

Tun daga bakin titi ake jin hayaniya. A baranda akwai sauran tsari, mata sun yi gefe, maza sun yi gefe, in namiji zai gifta yakan ce gafara a kauce masa. Da suka matso ƙofa filin da ke tsakanin mutane ya ragu ya koma kamu ɗaya, gafara ta koma ta baki kawai, domin ba inda za a kauce. Da suka ƙetare dokin ƙofa kuwa, fili ya ƙare. Dudu, wadda tun da ta yi wayo kafaɗarta ba ta taɓa gogar ta namijin da ba nata ba, ta ji gwiwar hannun wani a haƙarƙarinta, numfashin wani a ƙeyarta, kwandon wata yana kartar kunnenta. Ta tattare kanta wuri guda tana neman ƙanƙancewa, amma duk ɗan wurin da ta bari sai wani jiki ya cike shi nan take.

Warin busasshen kifi da kananzir da zufa ya cika ɗakin, kwanon rufi yana zubo zafi. Ana magana da Gunganci da Kambarci da Fulatanci da Hausa duk a lokaci guda.

"Kai mai hula, ƙafata ce ba tabarmar gidanku ba!"

"To ɗauke ta ki aza a kai, Hajiya, ni ma a kan ta wani nake."

"Bitrus! Bitrus! Tun asuba nake nan!"

"Ƙarya kake, tare munka shigo."

Aka kwashe da dariya, dariyar ma ta zama turi. Dudu ta ji hannun Tamada ya ja zanenta, ya ƙara ja, sannan ya saki. Ta kira ta, ba ta ji amsa ba. Daga nan ba ita ke tafiya ba, tafiya ake yi da ita. Wani lokaci ƙafarta na ƙasa, wani lokaci ba ta taɓa ƙasa. Ta kasa kunne tana bin muryarsa a cikin muryoyi: tana hagu, tana faɗin gishiri ya kusa ƙarewa, tana ba wani haƙuri. Taron ya kai ta dama, wajen Bitrus, ta sunkuyar da kai ta ƙi miƙa hannu, har wani turi ya sake kwaso ta ya dawo da ita tsakiya. Abin mamaki, tsoron da ta shigo da shi ya fara kwanciya. Ba wanda ya san ta. Ba wanda ke kallon kowa. Rabonta da ta tsaya a wuri ba tare da ta auna tsakaninta da mutane ba, ta manta.

Sai wata mata ta kurma ihu daga gaba. "Wayyo ɗiyata! Za ku kashe mini ɗiya a baya!" Kanta ta yi ƙara kamar katakon zai tsage. Muryar Alhaji Mainasara ta tashi sama da ta kowa.

"Jabiru! Tsallaka ka rufe ƙyaure guda! Kada kowa shi ƙara shigowa sai an ragu!"

Ta ji dirar ƙafafunsa a wannan ɓangare na kanta. Ta ji yana tahowa yana ratsa mutane, "Gafara dai, gafara dai," muryar tana ƙara kusantowa, domin tana kan hanyarsa ta zuwa ƙofa. Waɗanda ke waje kuwa da suka ji za a rufe sai suka yunƙuro gaba ɗaya. Turin ya zo daga bayanta kamar ambaliya, ya haɗa ta da shi, ya tsayar da su duka biyu.

Goshinta yana kan ƙirjinsa.

Ba ya iya gaba, ba ta iya baya. Ta ji ɗumin jikinsa ta cikin farar riga, ta ji ƙirjin yana hawa yana sauka. Rabon da jikinta ya taɓa nasa tun ranar da Goggo ta kwance shi daga bayanta. A gaban idonta, kusa yadda hayaƙin bai isa ya shiga tsakani ba, ga maɓalli, tana ganinsa tar, har da zaren da aka ɗinke shi da shi.

"Yi haƙuri, baiwar Allah," ya ce ta saman kanta. "Yanzu za a sassauta. Kada ki ji tsoro, ina tare ki."

Da wata irin murya ya faɗa, sakakkiya, mai ɗan dariya a ciki, wadda yake yi wa baƙi magana da ita. Ita ba ta taɓa samun wannan murya ba.

Abin da ya rage kawai ta ɗaga kai. Ba mai kallonta, ba mai ganin laifinta, abin da ta shigo nema ya zo har inda take. Ta umarci wuyanta, wuyan ya ƙi. Shekarun da ya yi yana sunkuyawa da jin takun wannan yaro sun fi ƙarfin umarnin rana ɗaya. Ta ce a ranta, Dudu, yanzu ne ko ba a ƙara. Ta karanta abin da ta iya karantawa. Numfashinsa yana kaɗa bakin mayafinta, turi yana zuwa yana komawa, ita tana nan tana kallon maɓalli.

Daga bisani wuyan ya fara yarda, kaɗan-kaɗan, kamar ƙyauren da ya daɗe a rufe. Ta ga wuyan riga, ya jiƙe da zufa. Ta ga maƙogwaro yana motsi. Ta ga haɓa, da 'yan gashi tsilli-tsilli, a ƙarƙashinta kuma wani tsohon tabo, fari, kamar na wanda ya faɗi a kan dutse yana ƙarami. Ba wanda ya taɓa gaya mata ya faɗi. Tana ƙara ɗagawa mayafin ya zame daga kanta ya sauka kafaɗa.

Bitrus ya hau kan kanta don ya janye matar nan mai goyo, daga can sama yana ganin kan kowa.

"Jabiru! Inna ce a gabanka! Innarka ce, za a danne ta!"

Ta ji jikinsa ya sandare. Kafin idonta ya kai ga leɓensa ya kau da kai, ya murɗa jikinsa da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba, ya juya mata baya. Ya buɗe hannuwansa biyu, ya kafa ƙafa, ya tura mutane.

"Ku ja baya! Ku ba ta fili! Don Allah ku ba ta fili!"

Magana ta bi ɗakin daga baki zuwa baki, uwar yaron kanti ce, uwar yaron kanti ce. Mutanen da ɗazu suka rantse ba inda za su matsa, sai ga shi sun sami wurin matsawa. Wannan ya hau ƙafar wancan, wancan ya manne da bango, na bakin ƙofa suka koma baranda. Kowa ya tuna da ladabinsa. Fili ya buɗe kewaye da ita, iska ta taɓa fuskarta, shi kuma yana ta tura su yana ƙara nisa da ita, har bayansa ya wuce tsawon hannu ya shige cikin hayaƙi.

"Ka ga ɗa mai kunya," in ji wani tsoho.

"Fulani ke nan. Ko cikin wanga matsi ba su mantawa."

Alhaji ya sa aka ƙullo mata gishiri ba tare da ta jira ba. Aka buɗe mata hanya har ƙofa, tana tafe ita kaɗai a tsakiya, ana yi mata sannu dama da hagu.

Tamada ta same ta a gindin wata bishiya a bakin titi, ɗankwalinta a hannu, tana haki.

"Na hango ku. Na ce alhamdulillahi. Mi kinka gani?"

"Maɓalli."

"Maɓalli?"

"Da baƙin zare anka ɗinke shi a farar riga. Ba mace ta ɗinka ba." Ta gyara mayafinta. "Yana da tabo a haɓa. Kin san da shi?"

"Kowa ya san da shi, tun yana makaranta." Tamada ta faɗa kafin ta yi tunani, sannan ta kama bakinta. Sai ta juya fushinta kan Bitrus, ta ce Allah ya haɗa ta da shi a hanyar rafi, mai bakin gangar tsiya, wa ya aike shi.

"Bar shi," in ji Dudu. "Taimako ya yi. Lokaci ya ishe ni, Tamada. Wuyana ne."

Tamada ta ce su jira a ragu su sake shiga. Dudu ta girgiza kai. Yanzu duk wanda ke cikin ɗakin ya san ta. Ko ta koma, fili za a ba ta.

Ranar tashi, tun da sassafe aka kwance bukkoki aka ɗaure kaya a kan takarkarai da jakuna. Samari sun riga sun yi gaba da garke. Dudu tana durƙushe tana jera ƙore cikin raga, mata na kai da kawowa kewaye da ita, sai ta ji ƙarar keke, ta ji an jingine shi, ta ji gyaran murya. Ya fara zuwa wurin Garba, suka daɗe suna magana. Sannan takun ya nufo wajen mata, ya tsaya nesa, inda ya saba tsayawa. Ya tsuguna ya gaishe ta. Ta amsa wa ƙoren da ke hannunta.

Ya ce, "Inna Tamada, a ce wa Inna ta yafe mini abin da ya faru a kanti. Wallahi ban san ita ce ba. Da na sani da ban bari an kai ga haka ba."

Tamada ta durƙusa kusa da ita kamar mai taya ta ɗaure raga, ta yi magana yadda ba mai ji sai ita.

"Bari in ce shi matso. In ce shi kama miki wanga kaya shi aza miki a kai. Ba wanda zai ce komai, ko an ce ma gobe ba mu nan. Dudu, don Allah."

Hannun Dudu ya tsaya a kan igiya. Tana jin matan sun rage hayaniya, tana jin surukarta ƙarama, matar ƙanin Jabiru, ta daina ɗaurin da take yi. Ta ja igiyar ta ƙulle, ta sake ƙullewa.

"Ki ce ba komai," ta faɗa a fili. "Ki ce Allah shi yi albarka. Shi koma, rana na yi, kada Alhaji shi neme shi."

Tamada ba ta maimaita ba, ba a kuwa buƙaci ta maimaita ba. Ya ce amin. Ya ce Allah shi kiyaye hanya. Ta ji ya miƙe, ta ji takun ya koma wajen keke.

Garba ya yi kira daga gaba a tashi. Tamada ce ta kama mata kayan ta aza mata a kai. Suka shiga sahun mata, suka bi bayan jakuna. Da suka ɗan yi nisa Dudu ta ce, ba tare da ta juya ba, "Ban ji kekenai ba."

Tamada ta waiga. "Bai hau ba. Yana tsaye."

"Mi yake yi?"

"Kallonki yake. Tun da kinka ba da baya bai ɗauke ido ba."

Dudu ta gyara zaman kayan a kanta, ta miƙe wuyanta sosai, ta daidaita takunta.

"In ya tafi ki gaya mini."

Suka ci gaba da tafiya, sabon ruwan yana hagunsu, ya shimfiɗu har inda gonakin mutane suke a da. Suka wuce tsohuwar mashaya, suka hau tudu, suka gangara kwarin farko. Har suka fita daga cikinsa Tamada ba ta ce komai ba.